Ƙwaryar Nono da Harshen Yaro: Abin da Muka Gani a Gidanmu

 

Ƴan uwa iyaye, wannan labarin gidanmu ne a nan Damagaram, mu da mai ɗakinmu da ɗanmu na biyu, wanda ake kira Mai-sunan-Malam saboda ya ci sunan kakansa. Mun daɗe muna jinkirin rubuta shi, domin akwai kuskurenmu a ciki, kuma mutum ba ya son tona kuskurensa. Sai dai tun da labarin ya bazu a unguwa, iyaye mata da dama sun tare mai ɗakinmu suna tambaya: “Gaskiya ne kun hana yaro nono sai ya yi magana?” Muna tsoron kada a ɗauki rabin labarin a bar rabi, a cuci wani yaro da sunanmu. Shi ya sa muka kawo shi dukansa.

Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san matsayin nono. Da hantsi Fillo take shigowa da ƙwaryarta, a dama fura, yaro da babba kowa ya sha. Akwai kindirmo, akwai man shanu a miyar kuka, akwai cukun da ake tsarabarsa daga arewa, ga madarar gari a shayin safe. A gidan malamai kuwa abin ya wuce ci da sha. Mun taso muna jin mahaifinmu, limamin masallacin unguwarmu, yana fassara aya ta 66 ta Suratun Nahli, inda Allah Ya ambaci nonon dabbobi cikin ayoyinSa, yana kuma ba da labarin daren Isra'i da aka miƙa wa Manzon Allah (SAW) ƙoƙuna ya zaɓi na nono. A irin wannan gida, a ce nono yana cutar da yaro, magana ce mai nauyi a baki.

An haifi yaron a daminar 2021. Watanni shidan farko nonon uwa kaɗai ya sha, lafiya lau. Da ya kai wata takwas aka fara ɗanɗana masa fura da nono, sai muka lura yana yawan zawo, kumatunsa da bayan gwiwoyinsa suna bushewa suna ƙaiƙayi. Kowa ya ce haƙori ne, mu ma muka ce haƙori ne. Bayan ƙaramar Salla ta 2023, yana da wata ashirin, aka yaye shi saboda mahaifiyarsa ta samu juna biyu, aka kai shi ɗakin kakarsa kamar yadda al'ada ta gada. Inna, saboda tausayin ɗan yaye, ta mayar da fura da kindirmo abincinsa safe da rana da dare. Daga nan abin ya tsananta. Zawo ya ƙi tsayawa, wani lokaci har da majina da ɗigon jini, yana susar jikinsa har ya ji ciwo, dare kuwa ba ya barci, ba ya barin kowa ya yi.

Ga kuma damuwa ta biyu, wadda ta fi ci mana rai. Ya cika shekara biyu ba shi da kalma ko ɗaya da za a ce ga ta. In yana son abu sai ya ja hannunka ya nuna. In ka kira shi ta baya, wani lokaci ya waiwayo, wani lokaci kamar ba da shi ake ba, mu kuwa muna cewa miskilanci ne. Masu shawara suka yi yawa. Wani ya ce kawunsa ma sai da ya shekara huɗu ya buɗe baki. Wata ta ce harsunan gidan ne suka rikita shi, ga Hausa, ga Faransancin ƴan lakkwal, ga Larabcin almajiran zaure. Wasu suka ce harshensa a ɗaure yake, a kira wanzami ya yanke tantanin ƙarƙashinsa. Malam ya hana wannan, ya ce ba za a sa wa jikansa aska a baki bisa zato ba. Yana yi masa tofi kullum bayan asuba, yana karanta masa addu'ar da Annabi Musa (AS) ya yi game da harshensa a Suratu Ɗaha.

A watan Oktoba na 2023 wani saƙon murya ya shigo wayar mai ɗakinmu ta WhatsApp. Wata mata ce take ba da labarin wani bidiyo daga Amurka, inda uwa ta ce ta cire wa ɗanta madara da duk abin da aka yi da ita, cikin mako biyu ƙurajensa suka warke kuma ya fara magana. Mun saurari saƙon ya fi sau biyar. Alamomin da ta lissafa kamar yaronmu take kallo. Ba mu tambayi likita ba, ba mu tambayi ko ma'aikaciyar awo ba. Washegari muka yanke hukunci: babu nono, babu kindirmo, babu man shanu, babu madarar gari.

Faɗa wa Inna shi ne aiki. Mun durƙusa a ƙofar ɗakinta bayan la'asar muka ce, “Inna, muna neman alfarma. Muna so a ɗan dakatar da ba yaron nan nono, mu gani ko shi ne ba ya karɓarsa.”

Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Da nonon nan na yaye ku ku bakwai, ba wanda ya lalace. Yau kuma mijina ne za a hana wa? To me zai sha, ruwan gero?”

Ba mu da amsa, domin gaskiya ba mu yi tunanin abin da zai maye gurbinsa ba. Duk da haka ta yi biyayya ga abin da ba ta yarda da shi ba, kuma ba ta taɓa ba shi a ɓoye ba. Allah Ya saka mata da alheri.

Cikin mako uku muka ga abin mamaki. Zawo ya tsaya, fata ta yi sumul, yaro ya kwana har asuba. A nan ne muka yi babban kuskurenmu. Da muka ga rabin alkawarin saƙon ya cika, sai muka sakankance ɗaya rabin ma yana tafe. Muka zauna jiran magana. Wata ɗaya, biyu, har biyar. Duk wanda ya ce mu kai shi asibiti sai mu ce ai mun gano matsalar, lokaci kawai ake jira. A tsawon wannan lokaci abincinsa fura ce da ruwa da sukari, sai koko da ɗan tuwo. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa, mu da muke ganinsa kullum ba mu ankara ba.

Malam ne ya farkar da mu, daf da azumin 2024. Ya kira mu zaure bayan isha'i ya ce, “Zauna. Shekara nawa kana gabana kana karatu, ka taɓa ganin na karɓi hadisi daga wanda ban san ko wane ne ba? To matar nan ta cikin waya, wa ya san ta? Wa ya ga ɗanta? Ka ɗauki maganarta ka yi hukunci a kan amanar da Allah Ya ba ka. Tofi nawa ne, zan ci gaba da yi. Amma wanda ya san jikin yaro yana asibiti, kuma Allah Ya umarce mu da tambayar masana abin da ba mu sani ba. Gobe ku kai shi.” Muka ce, “To, Malam.” Kunya ta hana mu ɗaga kai.

Abin da likitar yara ta koya mana

Da farko an auna shi, aka ɗaura masa igiyar awon damtse, ta faɗa a kan rawaya, alamar ya fara shiga tamowa. Likitar ba ta yi mana faɗa ba. Ta sa mu ba da labari tun daga farko, sannan ta raba mana abubuwa uku da muka cakuɗa.

Na farko shi ne abin da suke kira alerji ga furotin na nonon saniya. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar furotin ɗin nono a matsayin abokin gaba, sai ta tayar da faɗa a fata da hanji. Binciken da aka yi a ƙasashen Turai ya nuna masu wannan larura ba su wuce 2 ko 3 cikin jarirai 100 ba, ke nan ba kowane zawo ko ƙurji ne ita ba. Iri biyu ce. Akwai mai saurin tashi, daga ƴan mintoci zuwa awa biyu bayan an sha: borin jini, amai, kumburin leɓe ko fuska, har da sarƙewar numfashi. Wannan na iya kisa, kuma wanda ya ga kumburi ko wahalar numfashi ya ruga asibiti nan take, domin allurar adiranalin ce maganinsa. Akwai kuma mai jinkiri, wadda take bayyana bayan awoyi ko kwana biyu zuwa uku da zawo da ciwon ciki da ƙaiƙayin fata. Irin ta yaronmu ke nan.

Na biyu shi ne rashin narkar da sukarin da ke cikin nono, wanda ake kira laktos. Wannan ba faɗan garkuwar jiki ba ne, hanji ne ya gaza narkarwa, sai kumburin ciki da iska da zawo. Ya fi samun manya, yara ƙanana kuma yakan same su na ɗan lokaci bayan zawo mai tsanani. Mai wannan sau da yawa yana iya shan kindirmo, tunda tsami ya rage sukarin. Mai alerji kuwa tsami ba ya cece shi, tafasawa ma haka, domin furotin ɗin yana nan. Ta ja kunnenmu game da nonon akuya da na tunkiya da maƙwabta suka ba mu shawara: furotin ɗinsu ya yi kama da na saniya ƙwarai, mafi yawan yaran da suka ƙi wannan suna ƙin waɗancan. Ko waken suya da ake awara da shi, wasu daga cikinsu ba sa karɓa, sai an gwada a hankali.

Ta ce hanyar tabbatar da mai jinkiri ita ce a janye nono mako biyu zuwa huɗu, in alamomi sun gushe a sake bayarwa a gani ko za su dawo. Mu mun yi rabin farko muka tsaya. A gabanta aka ba shi cokali ɗaya na kindirmo, muka zauna awa biyu ba abin da ya faru, ta ce mu ci gaba da ɗan kaɗan a gida. A rana ta uku zawo da susa suka dawo. Ta haka aka tabbatar, kuma ta haka Inna ta gamsu, domin jiki magayi. Muna roƙon iyaye kada wanda ɗansa ya taɓa kumbura ko sarƙewa ya yi wannan gwaji a gida.

Sai ta zo kan tambayar da Inna ta yi mana wata biyar da suka wuce: me zai sha? Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar kimanin miligiram 500 na kalsiyom a rana domin ƙashi da haƙori, kuma mililita 100 na nono na ɗauke da wajen miligiram 120. Ban da wannan, nono ne yake ba shi furotin da maiƙo. Wanda ya cire shi dole ya cike gurbin. Abin da ta lissafa mana duk yana kasuwarmu: garin kuka da zogale a miya kullum, riɗi, ƙananan busassun kifi da ake dakawa da ƙayarsu a barbaɗa a abinci, wake, ƙwai, hanta da nama gwargwadon hali, kunun gyaɗa, da cokalin man gyaɗa a koko. Ta ƙara masa maganin kalsiyom da na ƙarin jini na wani lokaci. Ta koya mana duba bayan leda, mu nemi kalmomin lait, lactosérum, caséine, beurre, crème da fromage, domin madara na ɓoye a biskit da alewa da wasu burodi. Ta kuma tuna mana cewa kwaɓin gyaɗar nan na leda da ake ba yara masu tamowa, wanda ƙasarmu ta san shi tun yunwar 2005, akwai garin madara a cikinsa, don haka duk inda muka kai shi awo mu faɗa wa ma'aikata larurarsa.

Maganar harshe

Abu na uku shi ne wanda ya kawo mu. Muka ce, “Dokta, to maganar fa? Yaushe cire nonon zai buɗe masa baki?” Ta ce, “Malam, ba zai buɗe ba. Ba a tabbatar da cewa nono na hana yaro magana ba. Ɗanku yana da matsala biyu, kun magance ɗaya kun bar ɗaya.”

Daga baya mun fahimci inda ra'ayin ya samo asali. A Amurka da Turai an daɗe ana yaɗa cewa cire madara da alkama na gyara yara masu larurar da ake kira otizim, wadda jinkirin magana na cikin alamominta. An gwada wannan. A wani bincike na Jami'ar Rochester da aka buga a 2016, an ɗora yara 14 masu larurar a kan irin wannan abinci, sannan aka riƙa ba su ɗan abin ci, wani da furotin ɗin madara ko alkama wani babu, ba tare da iyaye ko masu lura sun san wanne ne wanne ba. Ba a ga bambanci a halayensu ko alamomin larurar ba. Abin da ke rudar iyaye shi ne, shekara biyu zuwa uku lokaci ne da yara da yawa masu jinkiri suke buɗe baki da kansu, sai a jingina nasarar ga duk abin da aka canza a makon. Haka nan yaron da ciwo ya sake shi, ya samu barci, dole ya ƙara walwala da wasa, amma walwala daban, magana daban.

Ta gaya mana ma'aunin da ya kamata kowane gida ya sani. Ɗan shekara ɗaya yana gwalan-gwalantu, yana waiwayowa in an kira sunansa, yana nuni da yatsa. Ɗan wata 18 yana da ƴan kalmomi. Ɗan shekara biyu yana da kalmomi wajen 50, ya fara haɗa biyu, kamar “ba ni” ko “Baba zo”. Wanda ya gaza wannan da nisa, abu na farko da ake dubawa shi ne ji. Yawan harsuna a gida kuwa ba ya hana magana. Ana haɗa kalmomin yaron na duk harsunan ne a ƙirga. Ta tambaye mu ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda, domin suna iya taɓa ji, muka ce a'a. Ko kunnensa ya taɓa zubar da ruwa? Sai a lokacin mai ɗakinmu ta tuna sau biyu a hunturu, muka ɗiga masa magani ya tsaya, muka manta.

Likitan kunne ya duba ya ce ruwa mai kauri ya taru a bayan gangar kunnuwansa biyu. Ya bayyana mana cewa akwai wata ƴar hanya daga cikin kunne zuwa bayan hanci, wadda a jikin yara gajera ce kuma a kwance, mura na toshe ta, ruwa ya taru, ganga ta kasa motsi. Sau da yawa babu zafi babu zazzaɓi. Ya ce mu toshe kunnuwanmu da yatsu, ya yi mana magana. “Haka ɗanku yake jin ku,” in ji shi. Abin da muka kira miskilanci ke nan. Yawanci ruwan kan janye da kansa cikin wata uku, don haka aka jira. Nasa bai janye ba. A daminar 2024 muka yi tafiyar kusan kilomita 900 zuwa Yamai, aka yi masa ɗan ƙaramin aiki, aka zuƙe ruwan, aka sa wasu ƙananan bututu da suke faɗowa da kansu bayan watanni. Ranar da muka fito da shi, wani babur ya wuce, ya toshe kunnuwa da hannu biyu ya fashe da kuka. Mahaifiyarsa ma ta fashe da kuka, amma nata na godiya ne.

Ko bayan haka magana ba ta zo a dare ɗaya ba. An koya mana mu durƙusa daidai fuskarsa in za mu yi masa magana, mu ambaci sunan duk abin da ya nuna, mu dakata mu ba shi damar amsawa, in ya faɗi kalma ɗaya mu mayar masa da biyu. An ce mu janye wayar da muke ba shi don ya yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan ƙasa da shekara biyu kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana. Inna ce ta fi kowa wannan aiki. Tana tsince wake tana gaya masa, tana daka tana gaya masa, da dare ga tatsuniya. Bayan wata biyu da dawowarmu, wata safiya ya tsaya a ƙofar ɗakinta ya ce, “Inna, kunu.” Ta ajiye muciya ta aika a kira Malam daga zaure.

A yau ya haura shekara huɗu. Yana haɗa jimla, yana bin almajirai da karatun ƙananan surori, ko da yake har yanzu sa'anninsa sun ɗan fi shi sakin baki. Mafi yawan yara suna rabuwa da wannan alerji kafin su isa shiga lakkwal, don haka a 2025 likitar ta fara dawo masa da nono mataki-mataki: biskit da aka gasa da madara tukuna, domin zafin gashi na canza wani ɓangare na furotin ɗin, daga baya cokalin kindirmo. Ya karɓi na farko, muna kan na biyu. Inna ta wanke wata ƴar ƙwarya ta rataye, ta ce ta mijinta ce, ranar da aka ba da izini da hannunta za ta dama masa.

Mun tambayi Malam yadda za mu amsa wa masu cewa mun haramta abin da Allah Ya yaba. Ya ce nono halal ne mai albarka har gobe, amma malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa ana gusar da cuta, kuma halal ɗin da ya tabbata yana cutar da wani mutum, shi wannan mutumin ya bar shi har ya warke, kamar mai ciwon sukari da zuma. Ya ce laifin ba a barin nono yake ba, a barinsa bisa jita-jita ne.

Don haka, ƴan uwa, ga amsarmu ga masu tambaya. Cire nono ya warkar da cikin ɗanmu da fatarsa, saboda an tabbatar jikinsa ba ya karɓa. Bai ba shi magana ba. Wata biyar da muka yi muna jira, yana cikin shiru yana ramewa, ba za mu iya dawo masa da su ba. Wanda yake zargin nono a gidansa ya je a gwada bisa ƙa'ida, kuma ya tanadi abin da zai maye gurbinsa kafin ya ɗauke ƙwarya. Wanda ɗansa ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba, ya kai shi a duba kunnensa a wannan makon, kada ya jira wata mai zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya bisa Sunna, Ya gafarta mana sakacinmu a kan amanarSu.